Da Harshen Wa Muke Ɗanɗano?

Mun san akwai daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai waɗanda za su taɓe baki da zarar sun ga an ba da shafukan wannan mujalla ga zancen zoɓo da lamurje, alhali ga tsadar karatu, ga ɗakunan kwana a cushe, ga ƙasa tana cikin halin da kowa ya sani. Muna ba su haƙuri. Amma muna roƙonsu su tuna cewa abin da ke shiga cikin mutum safe da yamma ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma sau da yawa a bakin moɗa ake fara sayen al'umma tun kafin a kai ga majalisarta.

A hutun da ya wuce, mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Bagudo muka taru a Zagga wajen bikin wata 'yar'uwarmu. Da yake mu ne 'yan boko, sai aka ɗora mana nauyin abin shan baƙin da za su zo daga Birnin Kebbi. Nan take muka yanke shawara cewa zoɓo ya yi ƙauyanci, Chapman za mu haɗa, wato wannan jan haɗi da ake cewa a kulob ɗin Ikoyi na Legas aka fara yinsa. Muka ɗauko waya, muka nemo wani da ke koyar da haɗin, muka bi shi sau da ƙafa: kwalabe kaza na lemon zaƙi, kwalabe kaza na farin lemo, jan ruwan sukari cikin murfi kaza, yankan kokwamba da lemon tsami. Ba mu ƙara ba, ba mu rage ba, kai ka ce wasiyya muke zartarwa. Da muka gama sai muka ɗebi kofi guda muka kai wa kakar amarya, muna jiran yabo. Tsohuwa ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ajiye kofin a gefen tabarma. Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce bai yi ba. Abin da ta ce shi ne, "Ku ɗiyana, wanga abu naku, wa anka haɗa ma shi?" Muka ce, "Kowa da kowa, Kaka." Ta ce, "To, shi ya sa."

Sai da muka kwana biyu kafin mu gane abin da take nufi. A gidan da ta tashi, ba a dama wa kowa da kowa. Furar maigida daban, da tsamin nono da yaji mai ratsa hanci, don haka yake so tun yana saurayi. Ta yaro a tsinke take, da kindirmo mai daɗi. Mai jego kunun kanwa ake yi mata, mai azumi kunun tsamiya, wanda ya dawo daga gona da tsakar rana a tarbe shi da farau-farau ya jiƙa maƙoshi kafin a kawo mai kauri. Baƙo kuwa tambayarsa ake yi, ko kuma a ajiye masa zuma a gefe ya zuba da hannunsa. Mace ba ta cika gwana ba sai ta san bakin kowa a gidanta. Mu kuwa mun zo da ma'aunin wani mutum da bai taɓa jin zafin watan Afrilu a bakin Kwara ba, bai san ko akwai mai ciwon sukari a cikin baƙinmu ba, muka ɗora wa jama'a da sunan wayewa.

Abin dariya a nan shi ne, su kansu masu abin ba su ɗauke shi haka ba. A shekarar 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta Amurka ta bayyana wa masu karatunta ma'anar kalmar koktel, ta ce haɗi ne na abubuwa huɗu: barasa, sukari, ruwa da wani ɗaci-ɗaci na itatuwa. Ba ta ce cokali nawa ba. Sai a 1862 wani mai sayar da abin sha da ake kira Jerry Thomas ya buga littafin farko da ya tattara irin waɗannan haɗe-haɗe a ƙasar, kuma tun daga lokacin babu haɗin da ya zauna yadda aka rubuta shi. Kowane zamani da yadda yake rage zaƙi ko ƙara tsami. Mai gida a can yakan ɗauki abin da ke cikin littafi a matsayin mafari, ya ɗanɗana, ya gyara. Mu ne da muka aro muka mai da shi doka, kamar yadda muka saba yi da duk abin da ya zo mana a rubuce da Ingilishi.

Barasa dai ba tamu ba ce, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Amma ilmin gauraya abin sha bai taɓa zama mallakar mashaya ba. Mu da muke bakin iyaka mun fi kowa sanin haka. Ta wannan yanki ne ayarin fataken Gwanja ke ƙetare Kwara a wajejen Illo, su bi ta Nikki da Jugu har Salaga, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro, kuma ba kaya kaɗai suke ɗaukowa ba, har da abin da bakinsu ya koyo a hanya. Sunan lamurje kansa daga yamma ya zo mana, domin a harshen Bambara lemburu shi ne lemo, ji kuwa ruwa. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna kiran irinsa lemu-hari, ma'anar ɗaya ce. Wanda ya ƙetare ta Lolo ya shiga kasuwar Malanbil, ko ya bi ta Tsamiya ya faɗa Segbana, zai tarar da zoɓonmu ana ce masa bisab, an sa masa na'a-na'a, yajinsa bai kai namu ba. A Gana sobolo ne, a Masar da Sudan karkade. A Meksiko, inda ake kai busasshen zoɓon da manomanmu na Jigawa da Kano ke nomawa, ana shansa da sunan ruwan Jamaika. Tsiro ɗaya ne, yakuwar nan da ke bayan gidan kowa, amma babu ƙasar da ta tsaya jiran izinin wata kafin ta haɗa shi yadda ya dace da bakinta.

In aka duba da idon basira, duk wani haɗin sha, na Legas ne ko na Zagga, a kan duwatsun murhu guda uku yake zaune: tsami, zaƙi da yaji, sannan ruwa ya zo ya raba gardama a tsakaninsu. Tsami muna da shi a zoɓo, tsamiya, lemon tsami, garin ƙwallon kuka da nono. Zaƙi muna da zuma, mazarƙwaila, dabino, rake, maɗin ɗinya, kafin ma a zo kan sukari. Yaji kuwa ga citta, ga kanumfari, ga masoro, ga kimba, ga barkono. Gyaran haɗi bai wuce sanin wane dutse ne ya karkace ba. Sau da yawa abin da muke ji kamar ƙarancin zaƙi yawan tsami ne, kuma maganinsa ruwa ne. Amma hannunmu ya riga ya saba zuwa ga gwangwanin sukari. Wani lokaci kuma haɗi yakan yi lami, a yi ta zuba sukari yana ƙara mutuwa, alhali matsin rabin lemon tsami zai tashe shi. Gishiri ɗan mitsitsi, wanda ba zai kai a ji shi ba, yana danne ɗaci ya fito da zaƙin da ke ɓoye; masu haɗin ƙasashen waje suna alfahari da wannan dabara, matan da ke tallan nono sun daɗe da saninta.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata duk mai son gyara ya riƙe. Zoɓon da aka bari yana tafasa har ya gaji yakan fito da bauri, wanda aka jiƙa a ruwan zafi aka rufe, ko aka bari ya kwana a ruwan sanyi, ya fi taushi a baki. Kanumfari sarki ne mai son mulki, ƙwaya biyar suna ƙawata tukunya, ashirin su mai da ita maganin haƙori. Masu sa kanwa don kashe tsami su lura da yadda jan zoɓo ke komawa baƙi-baƙi; launin nan nasa yana tare da tsaminsa, in aka kashe ɗaya ɗayan ma ya dushe, shi ya sa ɗigon lemon tsami ke dawo masa da jansa. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, ƙanƙara kuma tana narkewa ta tsinka haɗi, don haka wanda ya ɗanɗana abinsa da ɗumi ya ce ya yi daidai, zai sha mamaki in ya yi sanyi. A ɗanɗana shi a yadda za a sha shi. Sukari kuma gara a narkar da shi daban, kofi guda a ruwa kofi guda, a ajiye a kwalba, kowa ya zuba gwargwadon bukatarsa, maimakon a antaya shi a tukunya a tilasta wa dattijo shan abin da aka auna da bakin yaro. Sannan a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya ƙara citta, ya rage sukari, ya sa abarba duk a tashi guda, in abin ya yi daɗi bai san wa zai gode wa ba, in ya ɓaci bai san wa zai kama ba.

Har zuwa nan babu wanda zai yi mana gardama. Kowa ya haɗa yadda yake so, magana ce mai daɗin faɗi. Amma a nan ne fa gizo ke saƙar, domin tilas mu tambayi kanmu: shi wannan "yadda muke so" ɗin, wa ya koya mana shi? Tun 1953 aka fara cika kwalaben Coca-Cola a Legas, kuma yau babu ƙauyen da motar lemo ba ta isa ba, ko da motar asibiti ba ta taɓa zuwa ba. Yaron da ya tashi yana ganin lemon kwalba shi ne abin da ake ba babban baƙo, shi ne ladan cin jarrabawa, shi ne alamar Salla, harshensa ya riga ya yi karatu a wata makaranta, kuma darasi guda aka koya masa, wato zaƙi. In ya girma aka ce ya gyara zoɓo yadda yake so, abin da zai yi shi ne ya matso da shi kusa da kwalba. Haka muka wayi gari zoɓon talla ya zama jan ruwan sukari da turaren abarba na roba, kunun aya ya koma alewa. Mai talla ba ta da laifi sosai. Abin da ake saye take yi, kuma da sukari ya yi tsada sai ta koma ga sakarin, mai barin ɗaci a maƙoshi bayan an haɗiye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga baligi, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Kwalbar lemo mai rabin lita kan ɗauki kusan wannan adadi ita kaɗai. To, a lissafa abin da ke cikin kofin Chapman ɗinmu na Zagga, lemo biyu da jan ruwan sukari a kai, ga baƙo ya sha kofi uku. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022, amma haraji ba ya shiga madafar kowa. Abin takaici kuma, shi zoɓon da muke nutsarwa cikin sukari yana da amfaninsa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya ba wasu daga cikin mutum 65 masu alamun hawan jini kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida, aka ga jininsu ya sauka fiye da na waɗanda ba su sha ba. Wannan ba dalilin barin maganin likita ba ne. Amma ya isa ya sa mutum ya ji kunyar yadda muke ɗauko abu mai amfani mu mai da shi abin da zai kai iyayenmu layin masu ciwon sukari.

Tsamin ma ba mu bar shi ba. Ƙasar da ke da gari sukutum mai suna Tsamiya, ita ce yau ake sayen farin gari a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwanan wata, ana ce masa ɗan tsami. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan sun sha haɗe-haɗen da aka yi da irin waɗannan garuka, wasu suna fitsarin jini, kuma jami'an lafiya na jihar suka ce mutum goma sun riga mu gidan gaskiya. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa an sami wani sinadari mai guba ana sayar da shi da sunan ɗan tsami. Mu da ke zaune a inda kaya ke shigowa ta mota da babur da kwalekwale, wasu da takarda wasu babu, gani ga wane ya ishe mu tsoron Allah. Wanda ya jiƙa tsamiya da hannunsa ya san abin da ya jiƙa.

Akwai kuma wani abu da ba mu sani ba sai bayan biki, muka gode wa Allah da ba a same shi a kantunan da muka zaga ba. Cikakken haɗin Chapman yana da ɗigo kaɗan na wani ruwan ɗaci mai suna Angostura, wanda wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya ƙirƙiro a Benezuwela a 1824, yanzu kuma a Tirinidad ake yinsa. Kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke cikin wannan 'yar kwalba barasa ce, a jikinta ma an rubuta. Gaskiya ne ɗigo uku ko huɗu ake sawa, kuma hukuncinsa mun bar wa malamai. Abin da muke cewa shi ne, mai sha yana da haƙƙin sanin abin da aka ba shi, kuma wanda ya bi ma'aunin wani ido rufe zai iya shayar da liman abin da bai yi niyya ba. In ɗacin ake bukata, ɓawon lemo da kimba da ɗan kanumfari suna bayarwa. Kada kuma mu ɗauka na gida ba shi da nasa haɗarin. Kunun zaƙi da tsiron dawa ake yinsa, kamar yadda ake fara burkutu a nan ko cukutu a ƙetaren iyaka, kuma in ya kwana biyu a zafi yakan fara kumfa ya canza hali. Kunun aya ma ba ya kai yamma in babu sanyi. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. A can ma an san haɗi yana da wa'adi.

Kada mai karatu ya zaci mun zo yi wa tsofaffi kirari ne kawai. Muna da ƙorafi a kansu su ma. Tambayi kowace gwana yadda take haɗa lamurjenta, amsar ita ce "ɗan kaɗan", "daidai misali", "har sai ya yi". Wannan ilmi a yatsunta yake zaune, ranar da aka kai ta makwanci a tafi da shi. Shi ya sa jikarta ke komawa ga waya, don can ne kaɗai aka gaya mata cokali nawa. Ma'auni yana da ranarsa. Da cutar citta ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, gwanaye sun san yadda suka cike gurbinta da masoro da barkono, amma wa ya rubuta? Mu da muka yi shekaru muna auna sinadarai a ɗakin gwaji, muna cika littattafai da alkaluma, ba mu taɓa tunanin ɗaukar gwangwanin madara da ƙaramin cokali mu zauna kusa da murhun iyayenmu mata ba. Da kowane ɗalibi zai koma gida a hutu ya rubuta haɗi uku na gidansu, na Hausawa da na Fulani da na Dandawa da na Kyangawa da na Busawa, kowanne da ma'auninsa da kuma bayanin wanda ake yi wa shi da dalili, da ƙasar Bagudo kaɗai ta ba da littafin da ya fi na Jerry Thomas amfani a gare mu.

Mu dai mun fara da namu. Kafin mu bar Zagga muka koma wurin Kaka da littafi da alƙalami, ta yi mana dariya har da riƙe ciki, sannan ta sa aka hura wuta. Abin da ta ɗiba da hannu muka juye a gwangwani muka auna: zoɓo cikin gwangwanin madara biyu a ruwa lita uku, citta yatsa biyu a daddake, kanumfari shida, masoro kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa a rufe har ya huce. Da aka tace sai ta raba shi tukunya uku. Ta farko ta sa mata zuma da lemon tsami, ta ce ta masu gida ce. Ta biyu ta sa mata mazarƙwaila ta ƙara ruwa, ta yara. Ta uku ba ta sa mata kome ba, ta ce a kai wa ƙanenta da likita ya hana shi zaƙi tun bara, kuma a gaya masa kada ya aiko neman sukari, don ta san halinsa.